Koriyar Fitila a Inji Na Ɗaya

Sufeto ya iso masana'antar markaɗe tsohuwar roba bayan an wuce da wani ma'aikaci, Dogo, asibiti. Saje ya tare shi a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, inji ne ya cinye masa hannun dama har kafaɗa. Likita ya ce ba shi da tabbas zai kai yamma."

Inji na ɗaya yana tsaye, ƙofarsa a buɗe, an watsa garin katako a kan jinin. Inji na biyu kuwa yana ta ruri a gefe, don ba a dakatar da aiki ba.

Heluman ma'aikata ne ya fara magana. Yayan matar Dogo ne, idanunsa sun yi ja.

"Roba ce ta cushe wuƙaƙen. Ya danna maɓallin tsayawa, koriyar fitila ta kama, ƙofa ta buɗe. Yana zaro robar, injin ya juya."

"Wa ke kula da wutar injin?"

"Injiniya. Ita za ku tambaya, ni ban taɓa buɗe akwatin wuta ba."

Injiniya ta buɗe akwatin da nata makullin. Ta nuna wani baƙin abu mai girman bulo.

"Wannan shi ne kwantakta, shi ke ba injin wuta. Manyan haƙoransa uku sun narke sun manne, shi ya sa wutar ba ta yanke ba."

"To me ya sa fitila ta ce babu haɗari?"

"Abin da ke damuna ke nan. Ka ga wannan ƙaramin a gefe? Ɗan shaida muke ce masa. Sanda ɗaya ce ta haɗa shi da manyan. Muddin suna manne ba zai iya rufewa ba, in bai rufe ba kuma, fitila ba ta kamawa, ƙofa ba ta buɗewa."

Ta haska tocila, ta duba da kyau. Wata 'yar farar waya ta haɗa baki biyu na ɗan shaidan.

"An tsallake shi," ta ce a hankali. "Kuma wannan ba wayarmu ba ce, wayar kayan gida ce."

"Kin san yana mannewa?"

"Na sani. Na ce a kashe injinan biyu sai sababbi sun iso. Aka ce mini sun gyaru da kansu."

Sufeto ya sa aka kira mai gyaran wuta, wanda ɗaya makullin akwatin ke hannunsa.

"Makullin nan ba ya rabuwa da ni, ranka ya daɗe."

"Ko lokacin cin abinci?"

"Ko bayan gida."

"To kai ka saka wayar ke nan. Saje, kawo ankwa."

Mutumin ya ja da baya. "Tsaya, yallaɓai. In zan fita cin abinci ina rataye shi a ofishin Heluma. An hana, shi ya sa ban faɗa ba."

Ofishin ɗan ƙarami ne, da tagar gilashi mai kallon injina. Zafi kamar tanda, amma fankar tebur tana ƙasa a lungu, manne da soket, tana hura wa bango iska. Sufeto ya durƙusa. Farar wayarta ta gajarce, an ɗaure ta da baƙin salatif.

"Me ya sami wayar fankarka?"

"Ɓera ne," in ji Heluma.

"Ɓeran nan yana da almakashi."

Sufeto ya dubi guntuwar wayar da ya ciro daga akwatin wuta, a tafin hannunsa. Ba ta kai ɗan yatsa ba, alhali abin da aka yanke ya fi haka nesa.

"Ina sauran wayar?"

A daidai lokacin rurin inji na biyu ya shaƙe. Ta tagar suka ga mai kula da shi ya danna maɓalli, koriyar fitila ta kama, ya nufi ƙofa yana naɗe hannun riga.

Heluma ya ture kujera ya fita a guje.

"Kada ka shiga! Kada ka sa hannu!"

Injiniya ta ruga ta sauke babban makunnin wuta. Masana'antar ta yi tsit. Da ta buɗe akwati na biyu, ga farar waya a kan ɗan shaidansa.

"Ya aka yi ka san fitilar ƙarya take yi?" Sufeto ya tambaya.

Heluma ya zauna a kan buhun roba.

"Makon nan za a zaɓi shugaban masana'anta, ni ko Injiniya. Kullum injina suna ƙin tashi a lokacin aikina, ana cewa na gaza. Na ɗauka ɗan shaidan ne ya lalace yake hana mu aiki. Na ce in an gama zaɓe zan cire."

"Ta gaya maka ba shi ne ya lalace ba."

"Ta gaya mini." Ya rufe fuska. "Ni na samo wa yaron nan aikin. Ni na ce wa ƙanwata ta kwantar da hankalinta."

Saje ya sa masa ankwa. Suna isa mota wayar Heluma ta fara ƙara a aljihunsa. Saje ya ciro ya duba.

"Ƙanwarka ce, daga asibiti."

Heluma ya girgiza kai. "Don Allah, yallaɓai, kai ka ɗauka."

Sufeto ya karɓa, ya matsa gefe ya saurara. Da ya dawo, bai dubi kowa ba.

"Saje, mu je," ya ce. "A canza tuhumar. Dogo ya cika."