Farin Yadi a Zauren Malam Bube

A bakin wata rijiya a Kebbe Abdulkarimu ya fara ganin Zahara'u, shekara biyu bayan samun mulkin kai. Sabon malamin asibiti ne da aka turo daga Tambuwal. Ya roƙi ruwa, ta miƙa masa ƙwarya, ya shanye, ya tsaya kallonta da ƙwaryar a hannu.

"Malam, ruwan ne kyauta, ban da ƙwaryar," in ji ta.

Daga nan zance ya ƙullu. Sai dai yaron ya san takarda, bai san zaure ba. Da lokacin gaisuwar iyaye ya yi, bai shawarci babba ko ɗaya ba. Ubanta, Malam Bube, bai daɗe da tashi daga jinyar wata uku ba. Abdulkarimu ya je kanti a Tambuwal ya zaɓo abin da ya fi tsafta a idonsa: farin yadi, turare da sabulu.

Ya buɗe kayan gaban tsohon.

"Ɗauki abinka, yaro," in ji Malam Bube. "Ban shirya ba tukuna."

Ya fito kansa a ɗaure. Yadin ne bai yi kyau ba? Turaren ne ba ƙamshi? Daga ƙarshe ya yanke cewa kayan ne suka yi kaɗan, ya ƙaro farin yadi ya aika. Aka dawo masa da shi tare da saƙo: kada a sake ganin ƙafarsa a ƙofar gidan. Ana haka ya ji wani Na'iya mai sayar da hatsi ya fara kai gaisuwar neman Zahara'u.

Ya yi kwana shida bai san laifinsa ba, sai Atu, gwaggon Zahara'u, ta kawo masa takarda da ajami:

"Malamina, mi ka yi haka? Farin yadi da turare da sabulu kayan likkafani ne. Baba ya ce ka duba shi da idon asibiti, ka ga ya gama. Na yi kuka, na yi dariya, ban san wadda ta fi ba. Kak ka sake sayen komi. Zo ka ba shi haƙuri, ka zamna, ka duba. Taka, Zahara'u."

Ya ɗauki kawunsa Ɗangiwa suka je. Kawu ya yi ta ban haƙuri, tsoho bai ko ɗaga kai ba. Shi kuwa Abdulkarimu ya zauna yana dubawa. Ya ga Malam Bube ya buɗe Alƙur'ani, ya nesanta shi da fuska, ya matso da shi, ya rufe a hankali, ya ja ajiyar zuciya.

Bayan mako guda ya dawo daga Sakkwato da tabarau iri uku. Na farko bai yi ba. Na biyu tsoho ya saka, ya dubi Alƙur'ani, sai murya ta fara fita, aya bayan aya, har ya kai ƙarshen shafi.

"Shekara biyu rabona da ganin baƙi," ya ce. "Wanga kam kyautar mai sauran kwana ce. Turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Da aka kai amarya Zahara'u ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi.

"Malamina, in za ka yi min tsaraba, ka fara tambayata."

"Na tuba, hasken Kebbe."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya masu jin maganar manya.