Takardar Cikin Hular Kwano

"Umma, me ya sa Abba ya tambaye ni ko ni 'yar gidan waye?"

Saura kaɗan ludayin ya suɓuce min cikin miya.

Surukata Hajiya tana kan tabarma tana tsinkar zogale, ta ɗago a hankali. Laraba, 'yar ƙanwarta, ta ajiye wayarta ta zuba min ido.

"Wasa yake miki, Afra'u. Je ki wanke hannu."

"Ba wasa ba ne, Umma. Har sau biyu ya tambaya."

Shekararta huɗu, ba ta iya ƙarya ba tukuna.

Mijina Musbahu ɗan Rano ne, amma yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya tafi da shi Kanada karatu. A can ya girma, a can ya koyi hoki na ƙanƙara har ya zama sana'arsa. Ƙarti ne ke gudu a kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, kowa da sandarsa, suna maka juna da bango. Wata tara yana can, damina kawai yake yi tare da mu.

A wani biki a garinmu Kibiya na fara ganinsa. Ya yi min murmushi, sai na ga babu haƙoran gaba biyu, na tuntsire da dariya.

"Sanda ce ta ci su," in ji shi da Hausarsa mai tsami. "Amma zuciyar tana nan cif, ko za ki duba?"

Babana malami ne, sai da aka yi shekara ana roƙonsa. Cewa yake ba zai ba da 'ya ga wanda sana'arsa santsi ba.

Daminar da ta wuce wani mutum daban ya dawo min. Hasken rana yana sa shi ciwon kai. Ya fasa faranti don Afra'u ta buga murfin tukunya, ya koma ɗaki yana kuka. Ran Juma'a ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida, sai ɗan acaɓa ne ya kawo shi.

Washegarin tambayar Afra'u na fito da kayan wasansa zan shanya saboda danshi. A cikin hular kwanonsa, ƙarƙashin soso, na ji takarda a ninke.

Ta likita ce, da Turanci. Na karanta sau uku a tsaye.

Sau biyar ƙwaƙwalwarsa tana jijjiga saboda bugu. Likitan ya rubuta cewa dole ya bar wasa, domin bugu na gaba zai iya zama wanda ba a dawowa daidai.

"Sadiqa..."

Yana tsaye a bakin ƙofa.

"Abban Afra'u, mene ne wannan?"

"Wani likita na je na gani da kaina. Na ƙungiyarmu bai gani ba."

"Ka ɓoye musu?!"

"Idan suka gani an gama da ni." Ya durƙusa ya kama hannuwana. "Sahibata, ban iya noma ba, ban iya kasuwa ba. Ko Hausar kirki ban iya ba. In ba a kan ƙanƙara ba, ni waye? Kakar wasa ɗaya ta rage min, in gama da mutuncina in dawo gare ki gaba ɗaya."

"In ka dawo a me?"

"Ki rufa min asiri. Amana na ba ki, tsakaninki da Allah."

Tun ranar da aka kai ni ɗaki gwaggonnina suka ja min kunne da abu ɗaya: abin da ke tsakaninki da mijinki kada ya tsallake bakin ƙofa. Da wannan aka raine ni.

Na ce na ɗauka.

Laraba kuwa ba ta zauna ba. Ita aka so haɗa shi da ita kafin ya gan ni, kuma ba ta taɓa yafe min ba. Cikin mako guda magana ta zaga dangi har garin Rurum, wai 'yar malamai ta yi masa sammu don kada ya koma.

Alhaji, mahaifinsa, ya tara mu a falonsa bayan la'asar. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, garin ya yi duhu.

"Sadiqa, ke kike kwana ki tashi da shi. Akwai abin da kika sani?"

Takardar tana cikin lalitata, ina jin kaifin ninkinta a jikina.

Na kalli Musbahu. Ya girgiza min kai kaɗan, idonsa ya cika da hawaye.

"Babu, Alhaji."

"Kun ji ko!" Laraba ta tafa hannu. "Mutum lafiyayye kamar doki, sai ya shigo ɗakinta yake rikicewa. A raba su ku ga ikon Allah!"

Hajiya ta ce in je gida in huta har ya tafi. Na ɗauki 'yata na hau mota zuwa Kibiya.

Suka sa Musbahu a ɗaki mai duhu, babu hayaniyar yara, ana ba shi rubutu yana barci. Kwana goma ciwon kan ya lafa. Dangi suka ce ga shaida, daga tafiyata ya warke.

Ni na san hutu ne kawai da duhun ɗaki.

Babana ya lura da ni. "Sadiqa, addu'a ba ta hana zuwa asibiti. In akwai magana ki faɗa min."

Na ce masa babu komai.

Ana jibi zai tafi ya zo Kibiya. Ya ɗauki Afra'u ya daɗe yana shinshinar kanta, sannan ya juyo gare ni.

"Zinariyata, ki yafe min abin da suka yi miki. Damina mai zuwa zan faɗa musu komai da bakina."

"Kada ka tafi. Don Allah, Abban Afra'u, kada ka tafi!"

"Zan sunkuyar da kai duk wanda ya taho," ya ce yana dariya da giɓinsa.

Ya tafi.

A wasansa na tara bayan komawarsa abin ya faru. Da safe ina shara na buɗe waya na ga bidiyon. Wani ƙato ya taho ta bayansa ya haɗa shi da bango. Kansa ya bugi ƙanƙara. Filin ya yi tsit, hannunsa ɗaya ya sandare a sama.

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na hau babur zuwa Rano. Na durƙusa gaban Alhaji na miƙa masa takardar.

Ya karanta. Ya duba kwanan watan da ke sama.

"Tana hannunki ranar da na tambaye ki?"

"Tana hannuna, Alhaji."

Bai yi min faɗa ba. Da ma ya yi.

Bayan wata uku ya je ya taho da ɗansa. Hajiya da kanta ta zo Kibiya tana kuka, ta ce in yafe musu in dawo ɗakina. Na dawo. Laraba ba ta ƙara taka gidan ba.

Yanzu ni nake masa wanka, ni nake ba shi abinci a baki. Yana da ladabi ƙwarai. Jiya da na goge masa baki ya kalle ni ya ce, "Sannu baiwar Allah. Ina da mata a Kibiya, mai yawan dariya. Ko kin san ta?"

Na ce na san ta.

'Yar'uwa, ki ji ni da kyau. Duk sirrin mijinki ki riƙe, ban da wanda ya shafi ransa da lafiyarsa. Ko ya durƙusa, ko ya yi kuka, ko ya haɗa ki da Allah, ki tashi ki kai wa iyayensa a ranar. Zai yi fushi da ke, wataƙila ma ya daɗe. Ki bar shi ya yi, tunda mai fushi da ke ya san ko ke wace ce.