Direban Motar da Aka Binne

Shekara sittin motar na binne a dandalin wani ƙauyen Sweden, tsarabar kakanni ga jikoki. Da aka tono ta, aka bar wa makanike Torvald gadinta a bakin titi.

Duhu na shigowa sai ga wani dattijo, rigarsa na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ɗan nan, wa ya ajiye ta a dama? Hagu ake bi," in ji shi, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Baba, tun kafin a haife ni aka daina bin hagu."

"Labari ba ya isa can ƙasa."

Dattijon ya zaro makulli, saiwoyi na lilo a yatsunsa.

"Shiga, in nuna maka hanya."