Ƙwayoyin da Barakatu Ta Ɓoye a Kwalla

"Ungo, haɗiye, ga daka can yana jiranki," in ji Inna Indo, ta ɗora wa matar ɗanta farar ƙwaya a tafin hannu.

Shekarun nan kuɗin man fetur sun buɗe, manyan motoci sai ƙetare gadar Wudil suke yi da siminti, Inna kuwa ita ke sayar wa direbobi tuwo. Wurinsu ta samo ƙwayar hana gajiya, ta ɗauke ta maganin duk wani lalaci.

Barakatu ta durƙusa ta karɓa, amma ba ta sha ba. Ciki gare ta, na fari, kuma malamar asibiti ta gargaɗe ta cewa irin wannan ƙwaya tana iya zubar da ciki ko ta tauye jaririn. To, wace yarinya ce za ta dubi uwar miji ta ce tana da ciki? Ko mijin ma ba ta iya gaya masa ba. Kullum sai ta jefa ƙwayar cikin kwallar jerenta, ta fita tana daka tana haki.

Da Inna ta gaji, sai ta kira ɗanta. "Haladu, raguwar nan ko ƙwaya ba ta tashe ta ba. Mai da ita gidansu can garin Achika."

Haladu yana son matarsa ba kaɗan ba, amma bai taɓa yi wa Inna musu ba. Ya shiga ɗaki jiki a sanyaye, ya tarar Barakatu ta riga ta ji, tana haɗa kaya tana hawaye. Garin sauke kwalla murfin ya zame, ƙwayoyi suka watse a tabarma.

"Barakatu, ashe ba kya sha? Don me?"

Ta sunkuyar da kai, ta dafa cikinta. "Yaya, in na sha, ba ni kaɗai na sha ba."

Daɗi da tausayi suka kama shi lokaci guda. Ya tattara ƙwayoyin ya kai gaban Inna, shi ma kunyar ta hana shi ƙarawa, sai ya maimaita maganar matarsa kawai.

Inna ta dubi ƙwayoyin, ta dafe ƙirji. "Jikana nake ta miƙa wa guba da hannuna?" Ta kwashe su har da na cikin lalitarta ta zuba a masai, ta ɗauki taɓarya da kanta.

Da kaka Barakatu ta haifi namiji lafiyayye, Inna ta hana kowa goya shi sai ita. Haƙurin yarinyar nan ne ya tsare mata ɗa da aure. Mai ciki ta tuna, duk abin da ta haɗiya, su biyu ne suka haɗiya.