Maficin Takardar Sumie

Allah sarki Sumie! Shekara uku tana tsugune bayan shagon taliya a birnin Osaka tana wanke kwanuka da ruwan sanyi, hannayenta duk sun tsage, masu cin abinci suna leƙowa suna ce mata mai fasa kunne, in ta zo wucewa su kare kawunansu da faranti suna ƙyaƙyatawa. Mu ma mun yi dariyar, ba zan ɓoye ba, har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai...

Marainiya ce, a gidan wasan kwaikwayon kawunta ta girma. Ba ta da kyau, ita da kanta take faɗi a kan dandamali, amma tana buɗe baki sai mutane su riƙe ciki. Su biyu suke barkwanci da saurayinta Genzo: shi ya yi wauta, ita ta ɗaɗa masa maficin takarda a ka. Abin mamaki ne maficin nan, ƙara kamar tsawa, zafi kuwa babu ko kaɗan. A al'adar sana'ar, mai duka shi ke naɗe maficinsa da hannunsa, ba mai taɓa masa.

Saura wata guda aurensu, ta ɗaga mafici ta buga, sai Genzo ya zube, jini na bin wuyansa! Aka buɗe mafici, ga tsinken gora a ciki. Ta yi rantsuwa tana kuka, wa zai yarda? Kawun ya sauke allon sunanta daga ƙofa, ya kore ta, ya ce ta ci amanar shinkafar da ya ciyar da ita. Kunnen Genzo na hagu ya mutu, ya aiko a ce mata ya fasa auren. Kikuyo, 'yar kawun, mai rawa kyakkyawa, ta gaji wurinta. Kullum da safe Sumie takan je ta zuba wa gunkin unguwa ruwa, ba ta roƙon komai sai kunnen Genzo ya warke.

Genzo kuwa ya adana maficin mai jini don kada fushinsa ya huce. Wata rana Kikuyo ta ajiye sabon mafici kusa da shi, idonsa ya faɗa kan mariƙin: an ɗaure shi da ƙullin ɗamarar 'yan rawa. Ya ɗauko tsohon, ƙulli iri ɗaya! Sumie kuwa ba ta taɓa ɗaure mafici ba, da kunun shinkafa take liƙewa, kuma sau nawa ya zauna yana kallonta tana yi... Ya ajiye su biyun gaban kawun. Kikuyo ta yi musu, ta yi kuka, ƙarshe ta amsa cewa ita ta musanya maficin. Uban da hannunsa ya sauke allonta, yana rufe fuska da hannun riga, kuma babu gidan wasan da ya sake karɓarta.

Genzo ya zo shagon da rana tsaka, ya durƙusa cikin ruwan wanke-wanke, goshi a ƙasa, ya miƙa mata takarda.

"Naɗe ki buge ni, Sumie. In kin so ki sa gora."

Hawaye na zubo mata. Ta goge hannu, ta naɗe a hankali, ta liƙe da shinkafa, ta gwada a tafinta.

"Juyo kunnen mai lafiya, sakarai," in ji ta, "ka ji yadda nawa yake."

Ƙarar ta kai bakin titi. Genzo ya shafa kansa, ba zafi ko kaɗan, sai ya fashe da kuka. Duk shagon ba wanda ya iya ɗaga ido.