Kwamfuta ta Shida

Safiyar Lahadi aka wayi gari hotunan ƙashi na majinyata arba'in sun ɓace daga kwamfutar wani ƙaramin asibiti a Iskandariyya ta ƙasar Masar. Har da na Umm Girgis, tsohuwar da za a yi wa aikin ƙugu ranar Talata.

Nurhan, ma'aikaciyar kwamfutocin asibitin, ta kwance na'urar ta ciro faifan SSD, inda ake adana komai. Tambarinsa na mai tsada ne, fam dubu huɗu. Da ta ɓalle murfin, sai ga ɗan guntu kamar farce da kusoshi biyu da aka manna don nauyi. Jabu ne. In ya cika, sai ya riƙa share tsofaffin hotuna.

Ita ta sa hannu aka karɓi faifai shida masu wannan tambarin wata huɗu da suka wuce. Ƙaramin fayil ɗaya ta gwada, shi kuwa jabu da na gaske duk da gudu suke kwafe shi.

Ta fara bincike da dillalin da ya kawo su. Lambobin takardarsa sun dace da kwalayen, a rufe ya kawo su. Ragab mai sito ya yi dariya.

"'Yata, ni da ko wayata jikana ke kunna mini?"

Sakatariya ta ce ai kowa ya san kwamfutocin suna jan ƙafa, sukan kunna su tafi shan shayi. Wata huɗu ma'aikata goma sha biyu suna kurɓar shayi suna cewa haka kayan zamani suke, ba wanda ya tambayi dalili.

Nurhan ta mayar da faifan, ta ɗauki babban fayil da agogo, ta bi kwamfutocin tana kwafa. Biyar sun ci minti goma sha tara-tara. Ta shida daƙiƙa arba'in. Ita ce wadda ke kan teburin Injiniya Medhat, shugabanta, wanda ya koya mata riƙe sukudireba.

"Malam, taka ce kaɗai ta gaske."

"Sa'a ce, 'yar nan."

"Kai ka saka su da hannunka. Kai ka ce mini ƙaramin fayil ya isa gwaji. Kuma duk asibitin nan kai kaɗai ban taɓa jin ka yi ƙorafin jinkiri ba. Ka sayar da na gaske biyar ka saka jabu, ka bar wa kanka ɗaya, don ba za ka iya jiran da ka ɗora wa mutane ba."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. A hankali ya ce bai san jabun yana share abu ba, ya ɗauka nawa kawai yake yi.

Ta rubuta rahoto, sunansa a sama, nata a ƙasa. Sannan ta sauka ɗakin jira. Umm Girgis na zaune da sanda, ta miƙo mata rabin burodinta.

"Ci, 'yata. Talatar tana nan?"

Nurhan ta durƙusa. "An ɗage, Inna. Kuma da hannuna a ciki."