Barewar Talabijin da Akuyar Bayan Ɗaki

A wani gari an yi wata yarinya wadda ba ta da abin so kamar shirin namun daji a talabijin. Tana da 'yar akuya da kakarta ta ba ta kiwo, ɗaure a bayan ɗaki.

Wata rana da azahar aka nuno wata barewa tana yawon neman ruwa a ƙasar da fari ya cinye. Yarinya ta yi tagumi, idonta ya ciko da ƙwalla.

Kaka ta ce, "'Yar nan, kin ba akuyarki ruwa?"

Ta ce, "Bari a gama, Kaka."

Akuya ta yi kuka, yarinya ta ƙara sautin talabijin. Kaka ta sake tambaya, yarinya ta sake cewa, "Bari a gama."

Barewa na dab da wani tafki sai aka ɗauke wuta. Ɗaki ya yi tsit, amma kukan ƙishirwa bai tsaya ba.

Yarinya ta zaga baya, ta tarar da akuya tana lasar busasshen kasko. Ta ɗauki guga ta nufi rijiya. Ta zura gugan ke nan sai yaran maƙwabta suka kaure da ihu, "An kawo wuta!"

Ta dubi ɗaki, ta dubi akuya. Ta ci gaba da jan igiya.

Ko da ta koma, an gama shirin. Kaka ta ce, "Ayya, ba ki ga ko barewar nan ta sha ba."

Yarinya ta ce, "Tawa ta sha, Kaka."